Ranakun da Aka Fita Ba da Ni Ba

A Birnin Gwari, a shekarun da daji ya lalace, mun daina tambayar mutum ina za shi. Ba doka aka kafa ba. Haka kawai aka wayi gari tambayar ta fita daga cikin gaisuwa. Idan ka ga maƙwabci ya ɗaure buhu a bayan babur, sai ka ce masa Allah ya kiyaye hanya, ka ja bakinka. Kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga labari daga cikin gari: wane ya sayar da hatsi, wane zai bi hanya kaza gobe. Ba a san ko su wane ne ba, don haka ba wanda ya fi ƙarfin zargi.

A cikin wannan hali aka ɗauke ni aiki a wani shiri na taimaka wa manoma adana amfanin gona. Ofishinmu ɗaki uku ne da baranda, a bayan wani shagon taki. Mu bakwai ne ma'aikata, ni kaɗai ce mace. Don ina mace aka ɗauke ni, kuma an faɗa mini haka ba ɓoye-ɓoye. A ƙauyukanmu wake da gyaɗar iri a hannun mata suke, can cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Aikina shi ne in shiga in zauna da su, in nuna musu buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa muddin an ɗaure bakinsa da kyau. Kwantiragin shekara ɗaya aka ba ni. A shafi na biyu an rubuta cewa bayan girbi za a duba yawan fitar da na yi zuwa ƙauyuka da matan da na zauna da su, daga nan a sabunta mini ko a sallame ni.

Kafin in kama aiki an tura mu Kaduna horo na kwana uku. Wata mata mai magana a natse ta yi mana bayanin daidaito tsakanin maza da mata a wurin aiki: albashi ɗaya ga aiki ɗaya, dama ɗaya ta samun horo da ƙarin girma, ba a hana mace aiki don ta yi aure ko ta haihu. Na rubuta duka. Da na dawo na duba ofishinmu, ban ga inda aka saɓa ko ɗaya ba. Albashina daidai yake da na abokin aikin da aka ɗauke mu rana ɗaya. Teburina ma ya fi nasa, don nawa ne kusa da taga. An ware mini makewayi, har da kwaɗo da makulli. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya.

Amma sati shida na farko ban taka ko ƙauye ɗaya ba.

Nakan iso ƙarfe takwas saura, in tarar babu babur ko ɗaya a baranda. Sai tsohon maigadi yana ɗauraye butoci.

"Baba, sun fita ne?"

"Sun fita, Malama."

"Ina suka nufa?"

"Allah ya dawo da su lafiya," in ji shi, ya ci gaba da ɗaurayarsa.

Akwai baƙin allo a jikin bangon baranda. An ce da can a kansa ake rubuta jadawalin mako da alli: ranar Litinin ƙauye kaza, wane da wane. Tun da hanyoyi suka lalace aka goge shi, ba a sake rubuta komai ba. Shugaban ofis shi kaɗai yake yanke ranar fita da inda za a je, kuma sai a safiyar ranar yake faɗa. Na ga hikimar wannan, ban yi musu ba. Abin da ya ɗauke ni sati uku kafin in gane shi ne inda ake faɗar. Akwai masallaci a bayan ofis, a gefensa kuma akwai mai shayi da bencinsa biyu. Duk mazan ofishinmu a nan suke sallar Asuba. Idan an idar sai su zauna shan shayi, shugaba ya sunkuyo ya ce, yau Kazage. Kafin ƙarfe bakwai sun kama hanya, don su dawo gabanin La'asar.

Na sami shugaban a ofishinsa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, kuma duk ranar da ma'aikata suka fita ba ya cin abinci sai sun dawo.

"Ranka ya daɗe, ina so a riƙa sanar da ni ranar fita."

"Malama, ai ba wanda ya hana ki fita."

"Ba a hana ni ba. Faɗa mini ne ba a yi."

"Ba a faɗa wa kowa. Ni kaina sai na sallame salla nake yankewa."

"To idan an yanke a kira ni a waya. Minti ashirin ya ishe ni in shirya."

Ya dubi wayarsa da ke kan tebur, ya juya fuskarta ƙasa. "Waya kuma? Ka kira mutum, ba ka san wa ke tsaye kusa da shi ba? Ki yi haƙuri, za mu duba."

Abokin aikin nan da aka ɗauke mu tare Bakano ne, ni kuma mahaifina Bazazzagi ne, don haka tun ranar farko wasa ya shiga tsakaninmu. Teburinsa yana manne da nawa. Da na fito daga wurin shugaba ya riga ya ji komai ta bango.

"Bazazzagiya, ki zo masallacin mana. Akwai wuri a sahun gaba."

"In na zo, kai za ka saya mini shayin?"

"Zan saya miki ruwan zafi, ki zo da sukarinki."

"Ranar da Bakano ya saya wa wani ko ruwan zafi ne, sai an sa a labaran rediyo."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Washegari na iso na tarar sun fita.

A sati na bakwai ne na buɗe kabad ɗin takardu ina neman wani abu, na ci karo da fom-fom na zaman mata. An cike su tsaf da rubutun maza: ƙauye kaza, gida kaza, mata huɗu sun ji bayani, an ba su buhu. Wurin sa hannun jami'ar mata kawai aka bari fari. Na tambayi Bakano yadda aka yi suka zauna da mata. Ya ce ai mai sauƙi ne. Suna yin sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, su yi masa bayani, su tambaye shi mata nawa ne a ciki, ya ɗauki buhuna ya ce zai faɗa musu.

Da yammacin ranar babban jami'in fili ya zo teburina da takardun. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana aikin gona a yankin, ba ƙauyen da ba a san shi ba. Ya ajiye su a hankali, ya ɗora biro a kai.

"'Yata, sa hannu a nan. Taimakonki muke yi. Ranar da masu dubawa suka zo, ga aikinki a rubuce, ba ki sha rana ba, ba ki shiga daji ba."

"Baba, ban je wuraren nan ba."

"Ofis ya je. Ke ba ofis ba ce?"

Na ce zan karanta tukuna. Ya ce in karanta, ba gaggawa.

Kwana biyu ina juya maganar. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi. Yana da 'ya'ya mata sa'annina, kuma ya ga abin da daji yake yi wa mutane. Sai dai na ji an ce ƙanensa ya nemi wannan gurbin kafin a ce mace ake so. Idan na sa hannu, masu dubawa kuma suka shiga gida ɗaya suka tambayi mata ko sun taɓa ganina, sunana ne a ƙasan takardar, ba nasa ba. Idan ban sa ba, bayan girbi ba ni da ko fita ɗaya. Ta kowace hanya gurbin yana iya komawa fanko. Har yau ban san wanne ne a ransa ba. Na mayar da takardun kabad yadda na same su. Bai sake tayar da maganar ba, gaisuwarsa ma ba ta canja ba, wannan kuwa ya ƙara dame ni.

Daga nan na sayi ƙaramin littafi mai jan bango. Na ja layuka da rula: rana, ƙauye, waɗanda suka je, lokacin tashi, lokacin dawowa, sai layi na ƙarshe, ko an sanar da ni. Nufina guda ne. Ranar da za a tambaye ni dalilin da ya sa ban fita ba, ina so in nuna cewa ba ƙyuya ba ce, ba kuma tsoro ba. Na koyi cewa magana ba takarda ba ta da nauyi a gaban masu dubawa.

Cike layukan sai da tambaya. Idan sun dawo nakan tambayi Bakano inda suka je, wani lokaci ya faɗa, wani lokaci ya ce sun je Zariya neman mai hankali ba su samu ba. Nakan dubi tayoyin babura, in ga ko sun tsallaka ruwa. Nakan tambayi maigadi ƙarfe nawa suka ɗauki babura. Wata safiya, da layin lokacin tashi ya zauna fanko kwana biyu, na zagaya bayan ofis na tsaya gaban mai shayi. Yana wanke kofuna. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a.

"Malam, don Allah ƙarfe nawa mutanenmu suka tashi yau? Ta yamma suka bi ko ta hanyar kasuwa?"

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hannuna.

"Ni shayi nake sayarwa, Hajiya."

A garin nan aka haife ni. Na san abin da wannan tambaya take nufi idan ta fito daga bakin wani. Ko kusa ban yi tunanin haka za ta nufa idan ta fito daga bakina ba. A ganina ni ma'aikaciya ce tana tambayar aikinta. A ganinsa wata mata ce da ba ta taɓa zama a bencinsa ba, ta zo da biro tana tambayar hanyar da mazan ofis suka bi.

Bayan kamar kwana goma, wata Talata, suka dawo tun kafin ƙarfe tara. Sun nufi Kutemeshi, sai wani manomi da suka haɗu da shi ya tare su ya ce kada su ƙarasa mashigin rafi, akwai mutane da bindigogi a tsallake tun da sassafe. Suka juyo. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Mai yiwuwa ma ba su ake jira ba, hanyar kowa ce. Amma a irin wannan rana ba wanda yake cewa mai yiwuwa. Tambaya ɗaya ce a ofis, ko da ba a furta ta ba: wa ya san za mu bi nan?

Washegari na shigo baranda suna magana, maganar ta mutu. Bakano ya amsa gaisuwata ba tare da ya kira ni Bazazzagiya ba. Ranar Alhamis na buɗe durowar teburina, littafin ba ya nan. Durowar ba ta da makulli. Na fitar da komai na mayar, na sake fitarwa. Bakano yana gefena yana rubutu, bai ɗago ba, bai tambaye ni me nake nema ba. Mutumin da ko biro na yar sai ya yi mini tsiya.

Ban faɗa wa kowa ba, ko mijina. A garinmu idan aka liƙa wa mutum wannan suna, ba aiki kaɗai yake rasawa ba. Ba a sake sayen kayansa, ba a zuwa sunan 'ya'yansa, wani lokaci abin ya wuce haka. Na yi kwana uku ina zuwa ofis ina zama, ina kallon wanda zai kauce wa idona. Duka suka kauce.

Ranar Litinin shugaba ya aiko a kira ni. Dattijon yana zaune a gefe, Bakano yana tsaye jikin ƙofa. Littafin yana tsakiyar tebur a rufe.

"Malama, wannan naki ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Wa ya ɗauko shi daga durowata?"

"Ba wannan ce tambayar ba," in ji dattijon. "'Yata, me ya haɗa ki da lokacin tashinmu? Mai shayi ya ce har hanya kike tambaya."

Na faɗi dalilina yadda yake, da shafi na biyu na kwantiragina, da sati nawa na yi ban fita ba. Ina magana ina jin yadda take fita, kuma na san duk mai laifi ma zai iya tsara irinta. Fuskokinsu ba su motsa ba. Sai na ce a buɗe littafin, a duba ranar Talatar.

Shugaba ya buɗe. A layin ƙauye na rubuta Tsohon Birnin Gwari da alamar tambaya, don da safe na ga ba su ɗauki jarkar mai ba, na ɗauka kusa za su. Daga baya na soke, na rubuta Kutemeshi da wani biro, bayan sun dawo na ji daga bakinsu.

"A duba sauran ranakun," na ce. "Sau nawa na soke? A duba layi na ƙarshe. Tun daga shafin farko amsa ɗaya ce a ciki. Ban taɓa sanin inda za ku ba sai kun dawo. In da ina sayar da labari, da mai saye ya daɗe da korata."

Ya bi shafukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Layin ƙarshe a'a ne daga sama har ƙasa.

Bakano ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Yallaɓai, wannan Bazazzagiyar ko an sauke ta a mararraba ba za ta nuna maka hanyar Kutemeshi ba."

Ba wanda ya yi dariya, amma kafaɗun shugaba sun sauka. Na dubi Bakano. Ban sani ba ko ceto na yake yi, ko kuwa shi ya ɗauko littafin, nauyin hakan ne yake rage wa kansa. Na lura da wani abu kuma, wanda ban faɗa ba a ɗakin: abin da ya wanke ni shi ne abin da nake kuka da shi. Da ana faɗa mini ranar fita kamar kowa, da ba ni da hujjar da zan kare kaina ranar nan. Mutum shida da suka san hanyar tun Asuba kuwa, ba wanda aka buɗe wa durowa.

"To me kike so?" in ji shugaba.

"In fita."

"Idan wani abu ya same ki a hanya, me zan ce wa mijinki?"

"Abin da za ka ce wa matar Baba idan ya same shi."

Dattijon ya ce subhanallahi, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Shugaba ya ja durowarsa mai makulli, ya saka littafin, ya kulle. Ya ce irin wannan takarda ba ta kwana a inda hannu zai kai. Ya kuma ce ya sami mafita: mijina ya riƙa zuwa sallar Asuba a masallacinsu. Idan akwai fita, zai yi masa alama.

Mijina malamin firamare ne, kuma masallacin unguwarmu taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Na ofis kuwa tafiyar minti ashirin ce. Na ba shi labarin duka a ranar, har da littafin. Ya tambaye ni su wa suka ji, na lissafa masa. Ya ce zuwansa masallacin ma zai yi amfani, a riƙa ganin fuskarsa a cikinsu. Sannan ya ce, "Ashe ni ma an ɗauke ni aiki. Nawa ne albashin?"

Haka muka koma yi. Kullum ya tafi, ko da fita ko babu, don in ya zo ranar fita kaɗai, zuwansa ma ya zama sanarwa. Ranar da za a fita sai ya shigo ya ce in ɗauki hijabi mai duhu. Sunan ƙauyen ba a faɗa masa. Ni ma ba a faɗa mini. Wani tsohon ɗan acaba da shugaba ya yarda da shi yake ɗaukata, mu bi bayan sauran, sai mun karya a mararraba nake sanin inda muka dosa. Mazan sun sani tun a benci. Ban tambaya ba. Na daina tambayar komai da ya shafi hanya.

Fitata ta farko Kazage ce. A gidan farko wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, matan gidan da na maƙwabta suka taru. Na tambaye su buhunan da aka kawo musu. Suka dubi juna. Wata ta shiga ɗaki ta fito da ɗaya, cike da masarar maigida, an zare ledojin ciki. Ɗaya ledar tana kan sirdin babur, ɗayar an toshe yoyon ɗaki da ita. Wakensu na iri yana cikin tulu da toka da barkono, yadda iyayensu suka yi. A fom ɗin wannan gida an rubuta mata huɗu sun ji bayani.

Na ɗauko sabon buhu, na zuba wake, na nuna yadda ake matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje. Suka karɓa suna gwadawa, suna yi wa wata dariya don ta ɗaure har da gefen zanenta. Da na ciro fom da biro, tsohuwar ta ɗora hannunta a kan takardar.

"'Yar nan, wa ya aiko ki? Me za ki yi da sunayenmu?"

"Inna, ofis ne ke son sanin na zo."

"Ofis ya san yawan wakenmu, sai kuma wa?"

Na mayar da biro jaka. Na rubuta yawansu kawai, bayan mun bar ƙauyen. Na fahimce ta sarai.

Daga lokacin zuwa girbi na fita sau tara. Sau biyu na rasa, don mijina ya yi zazzaɓi bai je masallacin ba, ba kuma wanda ya ga ya kamata a aiko. Bakano ya koma kirana Bazazzagiya, na koma amsa masa, amma na sayi kwaɗo na sa wa durowata a kan idonsa. Mai shayi yana amsa gaisuwata da kai.

Bayan girbi mai dubawa ya zo daga Kaduna, wani mutum mai tabarau da sauri a komai. Ya zauna a ofishin shugaba, ana shiga ɗaya bayan ɗaya, shugaba yana gefe. Ya duba takarduna ya ce zaman da na yi da mata yana da kyau, rahotannina sun fi na kowa bayani. Sannan ya ce tara kaɗai, alhali wanda aka ɗauke mu tare ya ninka haka sau huɗu. Me ya faru?

Littafin yana cikin durowar da ke ƙarƙashin gwiwar hannun shugaba. Da na ambace shi, da sai a buɗe, da sai a tambayi yadda ya zo nan, da maganar ranar Talata ta tafi Kaduna a rubuce da sunana a jiki. Da kuma an kai ga fom-fom ɗin da ke kabad. Mutumin zai hau mota ya koma kafin La'asar, ni kuma a garin nan zan kwana.

Na ce, "Watannin farko ba na jin ranar fita, don a inda ake faɗa mata ba sa zama."

Ya ɗago ya dubi shugaba. Shugaba ya ce, "Yallaɓai, ka san halin hanyoyinmu. Mun yi ta taka-tsantsan da ita ne. Yanzu an gyara."

"An gyara?" ya tambaye ni.

"Yanzu ana faɗa wa mijina."

Ya gyaɗa kai kamar ya ji abin da ya gamsar da shi. Ya rubuta kalmomi kaɗan, na karanta su a juye daga inda nake zaune: matsalar tsaro. Ya ce a turo na gaba.

Takardun sabunta kwantiragi sun iso bayan sati uku. Na Bakano shekara ɗaya. Nawa wata shida, za a sake dubawa, tare da shawarar in ƙara ƙwazo wajen fita. Na sa hannu a teburin shugaba. Ya taya ni murna, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi, don ya ce ya yi ta waya a kaina. Da na miƙa masa biro na ce tunda magana ta wuce, ina son littafina.

Ya ce ya ƙona shi tun tuni, don amfanin kaina.

Na dubi durowar. A kulle take, makullin yana aljihunsa. Na yi masa godiya na fito. A baranda dattijon ya tare ni da fara'a ya ce, "'Yata, wata nawa aka ba ki?" Ban faɗa wa kowa ba tukuna cewa ba shekara ba ce.